An ba ni tirela, an ce in kai Legas cikin kwana biyu: ina neman shawarar manya

Ɗan_Gwarzo:
Assalamu alaikum manyanmu. Na daɗe ina yaron mota, yanzu Allah Ya yi an damƙa min makulli. DAF ce, tsohuwa, amma injinta lafiya lau. Lodina na farko masara ce buhu 300 daga Dawanau zuwa wani kamfanin abincin kaji a Legas. Mai motar ya ce gas lita 400 zai zuba min, ya ba ni kuɗin hanya, kuma yana so in sauke cikin kwana biyu saboda akwai lodin dawowa da ke jira a Apapa. Da ina yaron mota, inda oga ya ce a tsaya nan ake tsayawa, lissafin bai taɓa zama nawa ba. Yanzu ya dawo kaina. Wace hanya zan bi, ta Birnin Gwari, ta Bidda ko ta Lakwaja? Kuma gas ɗin nan zai kai ni? Ina jin nauyin yi masa musu tun a tafiyar farko, kada ya ce na cika ƙorafi ya karɓe motarsa.

Sadiq_Howo:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka, Ya tsare. Barka da shiga sahu.

Baba_Mai_Mack:
Allah Ya sa ka fara a sa'a, yarona. Fara da lissafin da kowa zai iya yi. Daga Kano zuwa Ikko ta Mokwa kusan kilomita 1,000 ne. Dokar hanya ta ba wa tirela kilomita 60 a awa a kan titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi. Ko da 50 ɗin za ka riƙe babu tsayawa, awa 20 ke nan taya tana juyawa. To kai da ka sha bin hanyar nan ka san babu inda za ka riƙe 50 tsakanin Lambata da Bidda, akwai wuraren da giya ta biyu ma sai ka lallaɓa. Yanzu ƙara sallah, cin abinci, shingaye, duba taya, da barci. Kwana uku shi ne gaskiya idan komai ya tafi daidai. Wanda ya kai a kwana biyu da tan 30 a bayansa, barcinsa ya sayar. Ka je ka faɗa wa mai motar haka tun kana Dawanau, cikin ladabi, a gaban wanda ya haɗa ku. Maganar da aka yi kafin a tayar da mota shawara ce, wadda aka yi daga Jabba kuwa uzuri za a kira ta.

Bakanike_Isa:
Gas ɗin ba zai kai ba. Tsohuwar DAF da cikakken lodi a hanyarmu, lita ɗaya tana yin kilomita 2 ne, in ta yi ƙoƙari 2 da rabi. Raba 1,000 ka gani: lita 400 sai in motar ta yi 2 da rabi tun daga Kano har ƙofar kamfani, ba gosulo, ba gargada, ba barin inji a kunne. Hakan ba ya faruwa. Ka nemi 480 zuwa 500, ko a yi yarjejeniya cewa in ya ƙare a hanya za a turo maka ka ƙara.

Alhaji_Mai_Tireloli:
Malam Isa, ku riƙa jin ta bakin masu mota ma. Ba mugunta ce ta sa ake auna gas ba. Tun daga 2022 da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, shi ke cinye mafi yawan kuɗin lodi. Kuma mu faɗi gaskiya, akwai direbobin da ke tsayawa a gefen hanya su zuƙe jarka biyu uku su sayar wa 'yan bumburutu, sannan su kira ka da dare su ce mai ya ƙare. Ni an yi min. Shi ya sa nake auna wa kowa.

Bakanike_Isa:
Ranka ya daɗe, ban ce ba a yi ba. Amma maganin ɓarawo ba shi ne a ba wa mai gaskiya abin da ba zai kai shi ba. Direban da aka ƙuntata wa gas shi ne yake sakin mota firi, ba giya, a gangara don ya rage sha, kuma da yawa daga motocin da ake kawo min da birki a ƙone daga nan matsalar ta faro. Abu mai sauƙi ne: a cika tanki a gaban direba, a rubuta lambar kilomita, in ya dawo a sake cikawa. Tafiya biyu kun san abin da motar take sha, kowa ya huta.

Alhaji_Mai_Tireloli:
Wannan na yarda da shi. In direba ya zo min da wannan tsarin da kansa, zai ƙara daraja a idona.

Tanka_Zariya:
Kan maganar hanya. Ni dai ban ba sabon direba shawarar Lakwaja ba. Ta fi tsawo, ga gosulon Abuja zuwa Gwagwalada, ga hawa da gangaren wajen Okene da ke son wanda hannunsa ya faɗa. In damina ta yi nisa kuma ka tuna abin da ya faru a Koton Karfe a 2012 da 2022, ruwa ya shanye titi motoci suka yi kwanaki a jere. Ta Bidda muguwa ce amma kowa ya san muguntarta, akwai masu faci da bakanikai a kowane gari.

Sadiq_Howo:
Ta Mokwa ma ai ba ta tsira daga ruwa ba. Gadar Tatabu ta karye a 2017, ga ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025 da ta ci rayuka masu yawa, Allah Ya jiƙansu. Babu hanyar da za a ce ita ce mai kyau kullum.

Abu_Ammar_Funtuwa:
Amin. Ni ta Birnin Gwari nake bi yanzu, in fita Tegina in miƙe Mokwa. Shekaru mun ƙaurace mata saboda 'yan bindiga, amma tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin, manyan motoci sun dawo. Ta fi gajarta. Sai dai da rana kawai, kuma a ayari. Ɗan_Gwarzo, kada ka yanke hanya daga abin da muka rubuta a nan. Ranar da za ka tashi ka tsaya Mararrabar Jos ka tambayi waɗanda suka fito daga Kurmi a daren jiya. Labarin hanya na kwana ɗaya ne, wanda ya kwana biyu ya tsufa.

Baba_Mai_Mack:
Abu Ammar ya faɗi abin da ya fi komai. Mu da muka fara tuƙi babu waya, a wurin mai shayi ake jin labarin hanya. Yanzu kuna da waya, sai ku yi amfani da ita: ka samu lambar mutum ɗaya a Tegina, ɗaya a Mokwa, ɗaya a Ogbomosho. Amma taswirar waya kada ka bi ta ido rufe. Ba ta san kana jan tan 30 ba, za ta kai ka lungun da ba za ka iya juyawa ba.

Ɗan_Gwarzo:
Na gode Baba, na gode Malam Isa. To a ina kuke ganin ya kamata in kwana?

Abu_Ammar_Funtuwa:
In ka tashi Kano bayan asuba, kada ka matsa wa kanka, ka kwana wajen Kaduna ko Tafa, gwargwadon hanyar da ka zaɓa. Rana ta biyu ka yi nufin Mokwa ko Jabba, in da sauran rana ka taɓa Ilori. Tsakanin Ogbomosho da Oyo titin ƙunci gare shi, ga tireloli ta ko'ina, ka bi shi da idonka biyu da hasken rana. Daren ƙarshe Ogere, akwai 'yan uwanmu da yawa a can, akwai abinci da masallaci, daga nan ka shiga Legas da sassafe. Abin da za ka riƙe: ka san inda za ka kwana tun kafin azahar, kada magariba ta same ka kana neman wuri.

Ƙaramin_Oga:
Ni ban yarda da wannan tsoron daren ba. Dare ya fi daɗin tuƙi. Titi ba cunkoso, inji ba ya zafi, taya ba ta fashewa kamar da rana, masu tare hanya da sanda ma sun ragu. Goro da shayi mai kauri sun ishe ka.

Maman_Khalifa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba direba ba ce, matar direba ce. Ƙanena Ƙaramin_Oga, goro ba ya biyan bashin barci. Maigidana ya yi shekaru yana irin wannan tuƙin, daga goro aka koma abin sha na gwangwani, abokansa wasu suka zarce ƙwaya. Wani abokinsa da suka taso tare gyangyaɗi ya ɗauke shi gab da asuba, yanzu matarsa ce ke riƙe da yara biyar. Mu da ke gida ba ma ƙirga kwanakin da kuka yi a hanya kamar yadda muke ƙirga kiran waya. Ɗan_Gwarzo, in kana da iyali ko mahaifiya, ka sa musu lokacin da za ka riƙa kira, safe da dare, ka faɗa musu garin da kake. Kuma kuɗin cefane ka bar shi a gida kafin ka tashi, kada ka ce sai an sallame ka a Legas, don sallamar kan yi jinkiri.

Sadiq_Howo:
Allah Ya saka da alheri Hajiya. Wallahi maganar ƙwayar nan ita ce ke cinye yaranmu a tasha. Tun suna yaran mota ake koya musu.

Ƙaramin_Oga:
Hajiya na ji, kuma ni ban taɓa shan ƙwaya ba. Amma ku gaya wa masu kaya su daina kiranmu kowace awa. Wanda ya ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa Mile 12, in ya ce zai kwana uku a hanya ruwa zai kai. Wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum fa? Dabba ta faɗi a mota, kai za a tuhuma.

Baba_Mai_Mack:
Gaskiyarka a kan kayan gwari da dabbobi, shi ya sa ake sa direba biyu a irin wannan lodin, ko kuma ya kamata a sa. Amma yaron nan masara ya ɗauko. Masara ba ta ruɓewa a kwana uku. Gaggawar ta mai mota ce, ba ta kaya ba.

Sakataren_Tasha:
Bari in ja hankalinsa kan abin da ya fi jefa sababbin direbobi a rigima, wato takarda da gibin kaya. Aikina ke nan a tasha, kullum sai an kawo ƙara.

Ka tsaya da kanka a ƙirga buhunan nan lokacin lodi, kada ka bar wa yaronka ko 'yan dako. Abin da aka rubuta a webil, wato takardar kaya, ya zama shi ne abin da idonka ya gani. Kamfanonin abincin kaji ba buhu suke ƙirgawa ba, sikeli suke hawa da kai: a auna mota da kaya, a sauke, a auna ta babu kaya. In masarar sabuwa ce ba ta gama bushewa ba, za ta rage nauyi a hanya, kuma in ba a yi magana tun farko ba, daga kuɗinka za a cire. Don haka ka tambaya yanzu: an auna a Kano? Gibin kilo nawa aka yafe? Wa ke ɗaukar abin da ya wuce haka? Ka ɗauki hoton webil, hoton lodin, hoton tamfol bayan an ɗaure. In an sauke kada ka bar harabar sai an sa hannu an buga hatimi a kwafinka.

Tamfol kuma ka shimfiɗa shi a rana ka duba huji kafin a rufe. Daga Ilori zuwa ƙasa ruwa ba ya sallama, masara ta jiƙe ta yi fumfuna za su ƙi karɓa gaba ɗaya.

Sai takardunka. Lasisin tirela ajin G ne, ka duba naka, don da yawa suna hawa tirela da lasisin ƙaramar mota. Takardun mota, inshora, takardar lafiyar mota, ka duba ranar ƙarewar kowacce. Tukunyar kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku, na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilastawa a 2017. Wanda takardunsa suka cika yana magana da ƙarfin gwiwa a shinge.

Tanka_Zariya:
Sakatare, takardu su cika ko kada su cika, masu sanda da ƙusa a katako sai sun karɓa. Kowace ƙaramar hukuma da rasit ɗinta, wani ma ba rasit. An taɓa cire min madubi saboda na ce a nuna min shaida.

Sakataren_Tasha:
Haka ne, ban musa ba. Shi ya sa kuɗin hanya ake canza shi ƙanana, a raba wuri biyu ko uku, kada ka fito da damin kuɗi a gaban kowa. Ka riƙe ɗan littafi ka rubuta duk abin da ka bayar da sunan garin. Mai mota zai fi yarda da littafi fiye da baki. Kuma kada ka sauko ka yi faɗa, kai kaɗai ne a garin mutane. Katin ƙungiya ma yana da amfani a nan, ko ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ko wadda tasharku take ciki, in abu ya faru akwai ofishin da za ka nufa.

Direban_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina karanta ku ina jinjina kai, don ku kwana biyu da kwana uku kuke gardama. Mu tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da muke ɗaukowa daga Kwatano suka koma Lome. Sai ka ratsa Togo, ka shiga Burkina, ka jira rakiyar sojoji ta Kaya da Dori kafin ka shigo Tera. Jiran ayarin kaɗai yakan ci makonni. Abin da wannan ya koya mana shi ne guzuri. Risho, tukunya, shinkafa, gari, jarkar ruwa, gidan sauro, maganin zazzaɓi. Ƙanena, ko tafiyar kwana uku ce ka yi guzurin mako. Ranar da mota ta lalace a daji za ka gane.

Maman_Khalifa:
Allah Ya kawo muku sauƙi. Gidan sauron nan a ja masa layi, maigidana kusan duk dawowa daga Kurmi da zazzaɓi yake shigowa kafin ya fara tafiya da shi.

Bakanike_Isa:
Tunda an zo maganar lalacewa. Kowace safiya kafin ka tayar: baƙin mai, ruwan lagireto, zubar da ruwan da ya taru a tankin iska, ka jira iska ta cika kafin ka motsa. Ka zagaya ka bubbuga kowace taya, ka taɓa notocin. Duk tsayawa ka sa bayan hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi tana gaya maka wani abu, ko birki ya kama ko boris ya fara ci. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In safayarka ta tsufa ko ta yi sanƙo ka nuna wa mai mota tun yanzu. A gangara kuma giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Ka sa ta tun daga sama, kada ka tsaya neman giya mota ta riga ta ɗauki gudu, kuma kada ka yi ta tumbuɗa birki har iska ta ƙare. In ka tsaya a kan tudu, ka tokare taya da weji kafin komai.

Tanka_Zariya:
In Allah Ya kiyaye ka tarar da tanka ta faɗi, kada ka tsaya kallo, kada ka bar yaronka ya sauka da jarka. Majiya a Jigawa, Oktoban 2024. Mahaɗar Dikko, Janairun 2025, wadda ke kan hanyarka in ta Bidda za ka bi. Yawancin waɗanda suka rasu ɗibar mai suka je. Ka yi nisa da wurin, sannan ka kira.

Sadiq_Howo:
Wani abu da ba a taɓo ba: yaron mota. Ɗan_Gwarzo, jiya-jiya kai ne a wannan kujerar, ka san abin da ya yi maka ciwo. Ka ciyar da shi abin da ka ci, ka sallame shi a kan lokaci. Amma kada ka ba shi sitiyari a babban titi don kana jin barci. In abu ya faru ba shi da lasisi, kai da mai mota za ku kwana a ciki.

Baba_Mai_Mack:
Ya koya masa a fili, a gareji, da rana. Haka aka koya mana, haka shi ma aka koya masa.

Lagos_Boy_Agege:
Ni ina Legas, bari in yi magana kan lodin dawowar da aka ce yana jira. In cikin tashar jirgin ruwa ne, Apapa ko Tin Can, ba a shiga haka kawai tun 2021. Akwai manhajar Eto ta hukumar tashoshin ruwa, sai an yi wa mota rajista, an kama mata layi a manhajar, ta shiga garejin da aka amince da shi, sannan a kira ta. Ka tambayi mai motar ko an yi wannan, kuma wa ke biyan kuɗin kwanakin jira. In ba a yi ba, ko ka iso a kwana ɗaya zama za ka yi. Kuma kamfanin da za ka kai wa masara ma layi ne, wani lokaci sai an gwada danshinta kafin a ce ka hau sikeli. Gadar Third Mainland ba ta manyan motoci ba ce, kada waya ta kai ka. In ba ka san gari ba, ka ɗauki ɗan jagora daga Ogere ko Berger.

Alhaji_Mai_Tireloli:
Wannan gaskiya ne, sau da yawa jiran sauke kaya ya fi tafiyar tsawo. Amma Baba, kun sa yaron nan ya je ya ce wa mai mota kwana uku, ya ce gas bai isa ba, ya ce taya ta tsufa, ya tambayi gibi, ya tambayi kuɗin jira, duk a rana ɗaya. Direbobi nawa ne ke zaune a tasha ba mota? Wani mai motar zai ce kawo makullin.

Baba_Mai_Mack:
Zai iya, Alhaji. Shi ya sa na ce ya tafi da wanda ya tsaya masa aka ba shi motar, babba ya yi wa babba magana. Ba sai ya zube su duka ba. Gas da kwanaki su ne dole, sauran ya duba da kansa ya yi shiru.

Ɗan_Gwarzo:
Na je da tsohon maigidana yau da yamma. Mai motar ya yarda da kwana uku ba tare da wata doguwar magana ba. Gas ya ce 450, in ya ƙare in kira shi daga gidan mai ya tura musu kai tsaye. Mun cika tanki mun rubuta lamba kamar yadda Malam Isa ya ce. Maganar gibi ya ce ba shi ya yi ciniki da masu masarar ba, ɗan kamasho ne, kuma ba a auna a Kano ba. Gobe za a yi lodi. Hanya na fi karkata ga Birnin Gwari, amma sai na ji ta bakin mutanen Mararraba.

Sakataren_Tasha:
Kada a ɗaure tamfol sai ka ga ɗan kamashon nan ido da ido. In babu sikeli, a auna buhu 10 a gabanka a rubuta nauyinsu a bayan webil, shi da kai ku sa hannu.

Abu_Ammar_Funtuwa:
Ni ma jibi zan tashi daga Funtuwa da waken soya zuwa Ibadan, mu uku ne. In ka yanke ta Birnin Gwari ka yi min magana ta akwati mu haɗu, ka shiga tsakiyarmu har Mokwa.

Ƙaramin_Oga:
450 ɗin nan fa ina ganin a wajen Oyo za ta ƙare masa. Malam Isa, in ya bi ta Tegina nawa zai rage?